Yadda Maradun Ke Gaishe Ni

Duk wanda ya ji na ce aikin kwamfuta nake yi, sai ya miƙo mini waya ya ce in nemo masa hotunan biki da suka ɓace. Ni kuwa aikina ko hoto ɗaya babu a cikinsa. Baƙin allo ne da fararen haruffa: in rubuta tambaya, na'ura ta ba ni amsa, in sake rubuta wata. Na yi shekaru ina wannan aiki a wata ƙungiyar manoman shinkafa mai ofisoshi uku. Babban yana Talata Mafara inda nake zaune, ɗaya yana Bakura, ɗaya kuma yana Maradun, garinmu. A bayan kowane ofis akwai dogon ƙarfe ɗauke da farantan rediyo biyu, kowane faranti yana kallon ɗaya daga cikin sauran garuruwan. A ƙasa kuma, cikin ɗakin batir, akwai wani ɗan akwati da muke kira rauta. Ita ke zaɓa wa kowane saƙo hanyar da zai bi.

Ranar da malaminmu na kwamfuta ya ce mana rautoci gaisawa suke yi, na ɗauka zolaya ce irin tasa. Ashe da gaske yake. Kowace rauta tana aika wa maƙwabciyarta 'yar gaisuwa duk bayan daƙiƙa goma, in aka ji shiru ya yi yawa sai a cire mai shirun daga cikin maƙwabta. Bayan gaisuwa kuma kowace tana ba da labarin kanta: ni ce wance, ga ƙofofina da ke buɗe, ga waɗanda muke gaisawa da su. Labarin nan ana miƙa shi hannu zuwa hannu har kowa ya samu, ba mai ƙara masa gishiri, ba mai rage komai. In wani abu ya canza a wurinta, sai ta fitar da sabon labari, ta sa masa lamba ta gaba da ta tsohon. Wallahi abin ya burge ni. Na tashi a unguwar da kafin labari ya kai zaure na uku akuya ta zama saniya, sai ga wasu halittu na ƙarfe da ba su iya haka ba.

Mai gadin ofishinmu na Maradun mahaifina ne. Ba ni na samo masa aikin ba, kafin ma wani ya fara zargi. Yana wurin tun ina makarantar sakandare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, “uwata” yake ce mini. Mutum ne mai son sanin abu, amma ba ya taɓa abin da ba nasa ba. Ko rediyon wani ya tarar tana kuka a tashar da ba ta kama ba, zai zauna ya saurari kukan har mai ita ya dawo.

Ranar da na je haɗa rautar Maradun ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, yana kallona ina ta fama da wayoyin kebul.

“Uwata, wanga akwati mi shika yi?”

“Gaisuwa take yi, Baba.”

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. “Gaisuwa? Da wa?”

Na jawo shi na nuna masa ƙananan fitilun da ke gabanta. Na ce wannan mai ƙyaftawa ta Mafara ce, tawa ke nan. Wannan ta Bakura ce. Wannan kuma, mai kebul ruwan ɗorawa, ta cikin ofis ce. Don in yi masa burga sai na zare kebul ɗin, fitilar ta mutu, na juyo masa da kwamfutar hannuna ya ga lambar labarin Maradun ta ƙaru. Na mayar, ta sake ƙaruwa.

“Ka gani? Duk wanda ya taɓa wannan, zan sani.”

“Ko kina Mafara?”

“Ko ina Mafara.”

Ya ce, “Ikon Allah,” ya koma kan tabarmarsa. Ni kuma na ci gaba da aikina, maganar ta fita daga kaina gaba ɗaya.

Batiran Maradun sun tsufa, ba sa kai safiya. Sai muka tsara cewa Baba zai riƙa kashe inbata, na'urar da ke ba ofis wuta daga batir, da magariba, ya kunna in rana ta ɗago ta fara dukan sola. Saboda haka a allona Maradun takan kwanta barci kamar mutum, ta farka da safe. Bakura ce ba ta barci, ita batiranta sababbi ne.

Sai aka shiga lokacin nan da aka katse layukan waya a jiharmu saboda matsalar tsaro. Wanda bai zauna cikinsa ba ba zai gane ba. Waya ta koma fitilar dare da agogo. Mutane suna cin doguwar tafiya zuwa wajen Sakkwato don kawai su ce wa wani “muna lafiya.” Tamu hanyar sadarwar ba ta tsaya ba, don ba ta fita ko'ina, tsakanin ofisoshin nan uku kawai take yawo. Amma akawun Maradun ya kulle ofis ya tafi wurin iyalinsa da makulli, aka bar Baba da makullin ɗakin batir kaɗai. Ko da an bar masa ofishin ma, bai iya rubutun boko ba, balle kwamfuta. Baba ya aiko wani direba ya gaya mini kada in kuskura in kama hanyar Maradun sai ya ce. Gonarsa kuwa tana can wajen Tsibiri, kuma na san ko sama za ta faɗo ba zai bar gero ya lalace ba. Inna tana gida da ciwon ƙafa. Abin da ke cin raina kullum abu ɗaya ne: Baba ya kwana lafiya ko bai kwana ba?

To a nan baƙin allon nan ya zama mini wani abu daban. Kullum nakan riga kowa zuwa ofis, ko mayafi ban ajiye ba in rubuta show ip ospf neighbor, wato in tambayi rautar Mafara su wa take gaisawa da su yanzu. Layi biyu nake nema. Na Bakura, na Maradun, kowanne da kalmar FULL a gabansa. A littafi ma'anarta an gaisa, an yi musayar labari, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani. A wurina ma'anarta Baba ya yi sallah, ya karya, ya hau kekensa, ya buɗe ɗakin batir, ya ɗaga makunni da hannunsa. Ban taɓa son wata kalmar Turanci kamar yadda na so wannan ba. In na gan ta sai in sauke ajiyar zuciya in aika a sayo mini ƙosai.

Ina cikin haka na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai. Akwai tambaya ta biyu da nake yi don sabo, show ip ospf database, wadda ke baje mini labarin da kowace rauta ta bayar game da kanta, da lambarsa, da kuma tsawon lokacin da ya yi da fitowa. Lambar Bakura tana tafiya a hankali yadda aka saba. Ta Maradun kuwa kowace safiya sai ta yi tsalle. Kai, na ce, me ke canzawa a Maradun haka, ofishin da ko kaza ba ta shiga?

Daga kujerata na shiga cikin rautar Maradun na tambaye ta abin da ya faru da ita tun da ta farka. Ta zayyano mini: ƙofar kebul ruwan ɗorawa ta rufe, ta buɗe, ta rufe, ta buɗe. Jim kaɗan bayan kunna inbata abin ke farawa, ya ɗan ɗauki lokaci, sannan shiru har magariba.

Na ce kebul ne ya lalace. Amma lalataccen kebul yakan bar shaida, saƙonni su riƙa zuwa a gutsure, rauta kuma tana ƙirga su. Na tambaye ta, ta ce ko ɗaya babu. Na ce to ɓera ne. Amma wane irin ɓera ne mai zuwa aiki da safe ya tashi kafin hantsi? Na ce inbata ce take rawa kafin ta daidaita. In ita ce, ai duka fitilun za su mutu tare, ba ɗaya ba. Na koma gida ina tuƙa tuwo ina lissafin abin, har ya kama ƙasan tukunya. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce ko wani ne ya yi mini alkawari ya saɓa. Na ce mata kebul ne, ta ce Allah Ya sawwaƙe.

Ogana mutumin kudancin Kaduna ne da ya daɗe a Mafara har Hausarsa ta koma irin tamu. Mutumin kirki ne, amma ba ya son ganin ja a allonsa, kuma kowace safiya Maradun sai ta cika masa shafi da ja.

“Injiniya,” ya ce mini, haka yake kirana in zai tsokane ni, “ba kowa a ofishin nan. Ki rufe ƙofar daga nan mu huta.”

“Oga, in na rufe ba zan taɓa sanin abin da ke faruwa ba.”

“Sanin zai ƙara wa shinkafa auki?”

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi dai in dai allo ya yi kore, ko gini na cin wuta ba ruwansa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce bakina ya fi hannuna sauri, ya ba ni zuwa Litinin.

Sai na zauna na jera safiyoyin kusa da juna ina kallo. Tazarar da ke tsakanin rufewa da buɗewa ba ta taɓa zama daidai ba, wani lokaci gajeriya, wani lokaci a ɗan dakata kamar ana jiran wani abu. Ranar da aka yi ruwa da safe, abin ya makara. Ranar Juma'a kuwa ya fi na kullum tsawo. Na koma Juma'ar da ta wuce, haka. A nan na gane, lalacewar kebul ba ta san Juma'a ba. Hannun mutum ne.

Maimakon in ji daɗi, sai tsoro ya kama ni. Hannun wa? Baba ne mutum na ƙarshe da zan zarga, mutumin da ba ya murɗa rediyon wani. In kuwa wani ne ke shiga ɗakin batir yana wasa da kaya, to wa ya ce mini ma Baba ne ke ɗaga makunnin? Kalmar nan da nake dogara da ita kullum, inbata kawai ta sani, ba ta san mai kunna ta ba. Ranar ƙosan nan haka ya huce a leda ban taɓa shi ba.

Ranar Asabar aka kwana ana ruwa da tsawa. Ba ranar aiki ba ce, amma na tattare zani na bi ta cikin taɓo na tafi. Na tarar da Oga ya zo duba ko rufi ya yi yoyo. Na zauna na rubuta tambayata.

Layi ɗaya ya fito. Bakura.

Na sake rubutawa. Bakura. Na duba agogo, rana ta riga ta ɗago, lokacin Baba ya wuce. Na ce wataƙila taɓo ne ya hana keke tafiya. Na jira, na sake. Bakura ita kaɗai. Bakina yana innalillahi ni ban ma san ina yi ba. Oga ya zo ya tsaya a bayana yana kallon allon tare da ni, don ya san wanda ke Maradun.

Ban san abin da ya sa na rubuta tambaya ta biyu ba, sabo ne kawai. Labaran suka baje. Ga na Mafara, ga na Bakura, ga na Maradun. Na ce tsoho ne na jiya da bai goge ba tukuna. Sai idona ya kai kan shekarunsa, wato tsawon lokacin da ya yi da fitowa: 'yan daƙiƙoƙi. Sabo fil. Na buɗe shi na karanta. Maradun da bakinta take cewa: tsakanina da Mafara ya yanke, amma ina gaisawa da Bakura. Ta Bakura labarin ya zagayo ya iso ni, ba a taɓa ko harafi ba. Daga baya muka tarar aradu ce ta ƙona rediyon da ke kallon Mafara a kan ƙarfen Maradun.

“Tana nan, Oga! An kunna!”

Na sake tambaya don in tabbatar, sai na ga lambar ta ƙaru. Na sake, ta ƙaru. Na sake, ta ƙaru. Ta wuce ta kullum, ta wuce ta Juma'a, ba ta da niyyar tsayawa. Wani yana can a wannan lokacin yana zarewa yana mayarwa, yana zarewa yana mayarwa, ba ya ko dakatawa irin ta sauran ranaku. Na tambayi kaina me ya bambanta yau da jiya a ɗakin nan. Sai na hango gaban akwatin kamar ina tsaye a wurin. Rediyon Mafara ya mutu, ke nan fitilar Mafara ta mutu. Fitilar da na nuna da yatsa na ce tawa ce. Sai muryarsa ta dawo mini: “Ko kina Mafara?”

Na ce, “Wayyo Allah, Baba ne.”

Na bi ta Bakura na shiga rautar Maradun, ina sauri har na yi kuskuren kalmar sirri. Na jira sai da ya mayar da kebul ɗin. Kafin ya sake zarewa na ba ƙofar umarnin rufewa, abin nan da Oga ya yi ta nema in yi. Na san a can fitilar ta mutu a gabansa alhali kebul yana ciki, hannunsa bai taɓa ba. Na ja numfashi, na buɗe ta. Na sake rufewa, na buɗe. Sannan na ɗauke hannuna daga kan madannai.

Shiru. Lambar ta tsaya cak. Na ƙura wa allon ido har haruffan suka fara haɗewa. Can sai ga shi: ƙofar ta rufe, aka ɗan dakata, ta buɗe. A hankali, irin ta kullum.

Na kife kaina a kan tebur ina dariya ina kuka. Oga ya ce in yi masa bayani da Hausa, na yi masa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, “To ki gaishe mini da shi.” Na rufe na buɗe sau ɗaya a madadinsa. Maganar Litinin ba ta sake tasowa ba.

Daga ranar muka riƙa gaisawa yadda ya kamata, ya yi nasa in yi nawa. Ni da na yi ta neman dalilin tazarar nan, ashe wurin amsa ne yake bar mini. Har na fara cankar wacce ce wacce: ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya mutanen Mafara, ya ruwa. Ta Juma'a kam ba sai an gaya mini ba. Baba ba ya gaisuwar tsaye da mutum, to don me zai yi ta da kebul?

Da hanya ta ɗan yi sauƙi ya aiko cewa in zo. Na tafi da sabon rediyo da mai hawa ƙarfe. Na tarar da shi a kan tabarmar nan, ya rame kaɗan, geronsa kuwa ya shigo gida. Na durƙusa muka gaisa tun daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba. Sai da muka gama na ce bari in yi masa tsiya.

“Baba, kai da ba ka taɓa kayan mutane? Ka san har ɓera na zarga?”

Bai yi dariya ba. “Kin ce kina gani.”

“Ina gani, Baba.”

“To mi ya hana ki amsawa?”

“Ban san kai ne ba.”

Ya dube ni kamar na faɗi abin da bai taɓa ji ba. “Uwata, wa kike da shi Maradun da zai gaishe ki da sassahe in ba ni ba?”

Na sunkuyar da kai. Ya gyara zama ya ce ai bai yi fushi ba. Kullum in ya gama gaisuwa bai ji amsa ba, sai ya dubi fitilata. In ya ga tana ƙyaftawa sai ya koma gida ya ce wa Inna ina lafiya, aiki ne ya yi mini yawa. Inna kuma ba ta karyawa sai ya kawo mata wannan maganar.

“Ranar da hitilarki ta mutu hwa,” ya ce, “ban san abin da zan tahi in ce mata ba. Shi ya sa na zauna.”

Mai hawa ƙarfe ya ƙwala kira daga sama cewa ya ɗaure rediyon. Na shiga ɗakin batir na haɗa kebul, Baba yana biye da ni, hannu a baya. Muka tsaya muna jira. Fitilar Mafara ta kama, ta fara ƙyaftawa. Ina tsaye a gefensa, kafaɗata tana gogar tasa, amma sai da ya sunkuya ya dube ta da kyau, sannan ya ce, “Yawwa.”